Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A da, guzurin maniyyaci daga Kankia ko Kusada bai wuce kilishi da yaji da garin kunu da buta ba. A yau waya ta shiga sahun gaba. Da ita alhaji ke neman 'yan tawagarsa idan ya ɓace a Mina, da ita yake kwantar wa iyali hankali. Wayar da ba caji kuwa kaya ce kawai.

Na sha rakiyar maniyyata ta hanyar Charanchi da Rimi zuwa filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, kuma abu guda nake gani kowace shekara. Sai an kusa kiran jirgi sannan dattijo zai tuna bai da caja ko fawa-banki, ya ruga wurin masu kasa kaya. A nan babu ciniki, domin mai kaya ya san jirgi ba ya jira. Babu kuma damar gwaji, kuma wanda ya gano jabu a Madina ba shi da wurin mayarwa.

Akwai abin da ya kamata a sani tun daga gida. Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda muka saba da shi, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya ne da namu. Saboda haka mai caja mai ƙafa uku ba ya bukatar adaftar da ake tallata masa. Fawa-banki kuma ba a sa shi cikin babbar jaka, sai ta hannu, domin batirinsa na iya kama wuta. Iyakar da kamfanonin jirage suka saba amincewa da ita ba tare da izini ba ita ce Wh 100, wato kimanin mAh 27,000. Ba tsanani ba ne: a Janairun 2025 wani jirgi ya ƙone a Busan ta Koriya ta Kudu, kuma masu bincike sun alaƙanta gobarar da irin wannan batiri.

Shawarata ita ce a yi sayayyar a shagunan waya na cikin Kankia ko Kusada, mako biyu kafin tashi. Mai shagon ɗan gari ne, ya san za a dawo a same shi. A cika batirin, a ga sau nawa zai cika waya, a koya wa Baba ko Inna yadda ake jona shi. Wannan aikin ɗalibai ne da 'ya'yan gida.

Ina kuma roƙon malaman bita su ware wa wannan batu ko da minti goma ne. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera bai cancanci ya wuni a Arfa da matacciyar waya ba.