Kafin a hau sama, sai an iya magana

Duk wanda ya ji ƙanena yana cewa matuƙin jirgin sama yake son zama, maganar kuɗi yake fara ɗaukowa: "Kai, ɗan manomin gero daga Gidan Sori, wa zai biya maka?" Ba ƙarya ba ne. Makarantar EAMAC ta Yamai masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi take horarwa. Mai son tuƙi galibi sai ya nemi waje, kamar kwalejin Zariya da aka kafa a 1964. Ga dokar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya: awa 40 a sama kafin lasisin farko, awa 200 kafin a biya ka ladan tuƙi, awa 1,500 kafin ka zama kyaftin na babban jirgin fasinja. Kowace awa kuwa mai ne da malami, ga gwajin likita na ido, kunne da zuciya.

Amma ni da nake karatun kimiyyar harshe, wani shinge nake gani wanda ba a cika faɗa ba. Matuƙin da zai tsallaka iyaka dole ya kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi. Abu shida ake aunawa: lafazi, nahawu, yawan kalmomi, saurin baki, fahimta da musayar magana. Inda ka fi rauni, da shi ake yanke maka maki. Ba ƙeta ce ta kawo haka ba. A 1977, jirage biyu sun yi karo a filin Tenerife, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar juna a rediyo na cikin musabbabin.

To fa, duba tsanin da yaronmu zai hau. Hausa a gida, Faransanci a lakwal, Ingilishi sai ya shiga kwaleji, shi ma rabinsa a allo yake ƙarewa. Hausa ba ta raba "p" da "f", mu nan Maraɗi ma "hw" muke yi. A hira abin dariya ne. A rediyo da hasumiya, cikin ƙarar inji, ba wasa ba ne.

Sai dai wannan shingen ya bambanta da na kuɗi, domin talaka na iya fara rushe shi yau. Shi ya sa na sa ƙanena sauraron labarai da Ingilishi kullum, yana maimaitawa da ƙarfi, ni kuma ina gyara masa harafi-harafi in na zo hutu. Tallafin karatu ko gurbin soja, in sun fito, ba sa jiran kowa ya koyi harshe. Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a sojan Nijar a 2015, ke nan ƙofar ba a kulle take ba.

Ƴan uwa ɗalibai, in kuna da ƙane ko ƙanwa mai wannan buri, ku bar tsorata shi da miliyoyi. Ku ba shi awa ɗaya ta Ingilishi a rana, wannan kam muna da ita.