Can mutane ke jiran mota, nan mota ke jiran mutane

A watan Afrilun 2022 kamfanin Toyota ya buɗe cinikin wata ƙaramar motar gudu mai suna GR86 a Ingila, ta intanet. Cikin minti 90 aka kwashe duk kason da aka ware wa ƙasar na shekara biyu. Wanda ya ce bari ya gama shan shayi tukuna, ya dawo ya tarar sai dai ya rubuta suna a layin jira, ko wani zai fasa. Farashinta fam 29,995, kuma masu sharhin motoci na can suna ta yabon ta wai mai araha ce. Tsohon labari ne, amma wannan makon wani ƙanenmu a ofis ya sake turo shi zaurenmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Yallaɓai, don Allah me kalmar araha take nufi?" Aka yi ta dariya. Ni dai tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ɗan yi dogon rubutu. Mai gaggawa ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san motar ba, ƙofa biyu gare ta, injinta lita 2.4, a Japan ake ƙera ta da haɗin gwiwar kamfanin Subaru. Kujerun baya kuwa ko ɗan firamare sai ya naɗe ƙafa. Cikinta dab da ƙasa yake, ta yadda in ka bi da ita wasu hanyoyin ƙauyukan Baure ko Zango da damina, a rafin farko za ka bar rabinta. Ba motar kai iyali biki ba ce, ba ta ɗaukar buhun gero, don jin daɗin tuƙi kawai aka yi ta. Kafin wani ya ce almubazzaranci ne, in dai ɗan Daura ne ya bi a hankali. Mu da mutum zai shekara yana ciyar da doki harawa da dusa, ba noma ba dako, don dai ya fito ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani a ce wane ya yi kyau. Kowace al'umma da irin dokinta.

Abin da ya sa suka ce mai araha ce ba ɓoyayye ba ne. A shekarar, matsakaicin abin da cikakken ma'aikaci ke samu a Birtaniya wajen fam 33,000 ne a shekara. Wato kuɗin motar bai kai albashin shekara guda ba. Yanzu mu juyo da lissafin gida. A ce fam ɗaya naira 2,000, motar ta tashi kusan naira miliyan 60, ba a sa kuɗin jirgin ruwa ba, ba a sa na kwastan ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Mai wannan albashin zai yi shekara 71 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba. Aikin gwamnati kuma shekara 35 ne a sallame ka.

Amma ba tsadar ce ta fi ɗaukar hankalina ba, layin ne. Me ya sa kamfani kamar Toyota zai bar masu kuɗi a hannu suna jira? Dalili biyu na sani. Na farko, tun daga fari an san shekara biyu kawai motar za ta yi a kasuwar Turai, saboda sababbin dokokin kariya da suka fara aiki a Yulin 2024, waɗanda sai an sake mata fasali kafin ta cika su. Na biyu, lokacin ne duniya ke fama da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake sa wa motoci, bayan korona. Kaya kaɗan, masu so da yawa, farashi kuma an riga an buga shi. A Amurka, inda kamfanin ya sa mata dala 27,700, dilolin mota da dama suka riƙa ɗora nasu a kai, kana so ka biya, ba ka so na bayanka ya matso. A Ingila kuma wasu da suka samu suka juya suka sayar da riba. Dama haka abin yake ko'ina: in aka sa wa kaya farashin da bai kai abin da mutane ke shirye su biya ba, kuma kayan bai wadata ba, ragowar ba ta ɓacewa. Ko dai ka biya ta da jira, ko ta faɗa aljihun wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

Mu ma fa mun taɓa yin wannan zamanin, yaran yanzu ne ba su sani ba. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa motoci da babura da kekuna cikin kayan da gwamnati ke yanke wa kuɗi, tare da sukari da gishiri da madara. Ma'aikaci in ya kai wani mataki, bashin mota haƙƙinsa ne, a riƙa cira a albashi a hankali. Wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, ma'aikaci ne tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a cire Katsina a 1987. Ya sha ba mu labarin yadda ya sayi Fijo 504 ɗinsa. Kuɗi ya fito, ya kai wa wani dila, aka rubuta sunansa, ya dawo Daura yana jira. Wata ya wuce, wani ya bi, duk ƙarshen wata sai ya hau mota ya je ya duba, a ce masa kaso bai iso ba. Alhali yana ganin waɗanda suka zo bayansa suna fita da tasu, don sun zo da 'yar takarda daga wani babba. Wasu ma ba motar suke so ba, takardar kason suke karɓa su sayar a bakin get. Ya ce da kuɗinsa a hannun mutane ya yi ta hawan Vespa har damina ta fita. Ranar da motar ta iso gida kuwa, da ledar kujerunta, sai da unguwa ta fito kallo. Kuma ledar nan ta fi shekara ba a cire ta ba.

In yana ba da labarin da ɗan ɗaci yake bayarwa. Mu kuma da ke saurare yau, abin da muke ji daban ne: ma'aikacin gwamnati, ba kwamishina ba, ba ɗan kwangila ba, ya sayi sabuwar mota dal daga masana'anta da albashinsa.

Daga 1986, da tsarin SAP ya zo aka karya darajar naira, wannan ƙofar ta fara rufewa. Sai muka koma 'yar Beljiyam. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san hanyar: a sauke mota a tashar Kwatano da sunan za ta Nijar, a koro ta har Maraɗi ko wani gari na kusa, daga nan ta shigo ta Jibiya ko Kwangwalam, wata da cikakken duti, wata kuma sai dai Allah Ya kyauta. Gidaje nawa ne a Mai'aduwa da Daura suka ci abinci ta wannan harkar, daga direbobi zuwa dillalai zuwa masu wanki da fenti? Da ita malamin makaranta ya hau Golf, ma'aikacin asibiti ya hau Honda Hala ko Henesi, mai ɗan ƙarfi ya hau 406. Ba sabuwa ba ce, wani Bature ya gama more ta, amma tana kai mutum Katsina ta dawo da shi. A lokacin ma akwai jira iri nasa, ka ba da kuɗi a yi maka oda, ka yi sati uku kana kiran waya ana ce maka tana hanya.

Sai aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Aka rufe boda a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, ita kuma Nijar ta ci gaba da toshe tata iyakar da Benin. Kowanne da hujjarsa, ba shi nake son mu yi musu a kai yau ba. Abin da ya gama karya mu shi ne 2023: an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

A nan abin ya taɓa ni kai tsaye. Muna da adashe a ofis, mu goma sha biyu, kuma a farkon 2023 na shiga da niyyar in sauya tsohuwar motata. Na je wajen wani mai sayar da motoci, na ga wata Corolla mai tsafta, muka yi magana, na lissafa cewa in kwasata ta zo, na haɗa da kuɗin tsohuwar, zan ɗauka har da canjin yin rajista. Kwasata ce ta kusa ƙarshe. Da ta zo na koma, irin motar nan ta kusa ninka kuɗinta. Na ce masa, "Alhaji, ai wannan tun kafin dala ta tashi take nan, ga ƙurarta nan." Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, in na ba ka a tsohon kuɗi, da me zan sayo wata?" Na so in ji haushi, amma maganarsa a kan hanya take. Shi ma jarinsa ne ke narkewa yana kallo. Kuɗin nan dai ƙarshe gyaran inji da tayoyi huɗu da kuɗin makarantar yara suka raba shi.

Ku zaga wuraren sayar da motoci a Katsina ko Kano yanzu ku gani. Motoci ne jere reras, an wanke an goge, yara na zaune a inuwa suna jiran wanda zai taya. Babu layi, babu rubuta suna, babu "dawo wata mai zuwa". Yau ka kawo kuɗi, yau ka tafi da makulli. Wani zai ce ai mun fi Turawa hutawa ke nan. Ni kuwa gani nake wanda ke cikin layi ya fi mu, domin layin mota shaida ce cewa akwai dubban mutane masu albashin da ya isa. Baturen da ke ƙorafin zai jira shekara, ya san farashin da zai biya, ya san kuɗinsa ba zai zube a hanya ba. Namu jiran ba shi da lamba ba shi da rana, kana tarawa farashin na gudu, kamar mai bin inuwarsa da yamma. Manyan ma'aikata nawa na sani da suka jingine mota a gida suka koma babur, ba don ta lalace ba, don dai tankinta ya fi ƙarfinsu?

To ina mafita? Kullum amsar da ake ba mu ita ce motar gida. Akwai Innoson a Nnewi, akwai kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022. Ina murna da su har zuciya, aikin yi ne ga yaranmu, kuma ga Jami'ar Sufuri nan an kafa mana a Daura, ya kamata ɗalibanta su sami inda za su. Sai dai wanda ya fi sayen sabuwar motar gida har yanzu gwamnati ce da manyan kamfanoni, ba ma'aikaci ba. A Disambar 2024 hukumar ba da lamuni ta CREDICORP da hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa suka sanar da asusun naira biliyan 20 don mutane su sayi abin hawa ƙirar gida bashi. Tunani ne mai kyau, shi ne ma bashin motar su kawu ya dawo da sabuwar riga. Amma mu ɗauki biro. A ce motoci zalla za a saya, a ce kowace miliyan 20 ce, mota 1,000 ke nan. Ƙananan hukumomi 774 gare mu. Masarautar Daura mai ƙananan hukumomi biyar, in an yi rabon adalci, za ta tashi da shida ko bakwai.

Kun ga mun dawo gidan jiya: abu mai sauƙi, kaɗan, masu so rututu. Layi zai dawo, kuma ni ban ƙi layi ba. Abin da nake tsoro shi ne 'yar takardar nan ta wani babba. In za a yi, a buga sunaye a fili kowa ya ga lambarsa da ranar da ya nema. A tsayar da farashi ranar da mutum ya biya kason farko, kada ya shekara ana cirar albashinsa sannan a ce masa dala ta motsa ya ciko. Wanda kuma ya karɓa, a hana shi sayarwa sai bayan wasu shekaru, don kada 'yan bakin get su dawo. Ko a Ingila, da duk tsarinsu, sai da masu saye don sayarwa suka shiga layin GR86, balle mu da muka gaji sana'ar tun zamanin layin sukari da madara na 1984.

Shi ƙanen namu da ya turo labarin, mataki na 8 yake, shekararsa shida a aiki, da babur ɗin haya yake zuwa ofis. Ya ce shi ko fom ɗin ba zai cika ba, don ya san ba irinsu ake nufi ba. Ni na ce masa ya cika, ni ma zan cika, mu ajiye lambar da aka ba mu da kwanan wata. In an fara rabo ina so in ga lambar wanda ya fara samu a Daura.