Gwiwar ɗan kokowa



Shekara tara ke nan ina koyar da manya karatu da rubutu cikin wani gari na ƙasar Tasawa. Aikina na allo da alli ne, ni ba likita ba ne. Amma kun san halin ƙauye: duk wanda ya iya faransanci, kowace takarda ta shigo gari hannunshi za ta biyo. Ta haka na shiga maganar gwiwar wani ɗalibina.

Yaro ne ɗan shekara 23, manomi, ɗan kokowa. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa cikin 1975, babu saurayi mai ƙarfi a ƙasarmu da bai yi mafarkin takobi ba. Shi ma haka. Kakar bara, suna kamawa da wani baƙo, ƙafarshi ta dama ta nutse cikin rairayi, jikinshi ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Ya ce ya ji ƙara cikin gwiwa kamar an tsinka igiya. Ba wanda ya buge shi. Kafin sallar isha'i gwiwar ta kumbura tim.

Mai ɗori ya duba, ya ce ƙashi lafiya ya ke, targaɗe ne. Gaskiya ya faɗa game da ƙashi. Aka gasa, aka ɗaure, kumburi ya sace, bayan wata guda yaro yana tafiya. Sai dai in ya ɗauki buhu ya juya, ko ya dira daga amalanke, gwiwar ta kuɓuce mashi, ya zube. Sau huɗu hakan ta faru kafin ubanshi ya yarda a tafi likita. Hoton da a ke ce ma radiyo bai nuna komi ba, don ƙashi kaɗai ya ke gani sosai. A Yamai ne lokotoro ya kwantar da shi, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri da ɗayan, ƙwaurin ya zamo gaba. Aka yi wani hoton mai tsada da a ke kira IRM. Takardarshi ce aka kawo mani.

Ga abin da na gane. Manyan jijiyoyi huɗu ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu suna can ciki sun gitta juna. Ta gaba cikin masu gittawar ita ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa. Tsawonta bai wuce santimeta 3 zuwa 4 ba. Ita ce ta tsinke. Kuma in ta rabu biyu, da wuya ta haɗe da kanta yadda ƙashi ke haɗewa.

Uban yaron ya tambaye ni: "Malam, in aka yi aikin, zai koma kamar da?" Na ce: "Baba, da yardar Allah za a gyara." Wannan amsa ta dame ni daga baya, don ban san abin da na ke faɗa ba. Bisa maganata aka saida sa guda da raguna biyu. Sai na shiga tambaya da karatu, abin da ya kamata in fara yi.

Na farko, na nemi sanin wa wannan ciwo ya fi kamawa. Na zaci sai an taka mutum ko an doke shi, kamar yadda ta faru ga Van Dijk, ɗan ƙwallon Liverpool, da mai tsaron gida ya afka ma cikin Oktoba 2020. Ashe mafi yawa, wajen kashi 70 cikin 100, ba wanda ya taɓa su. Mutum na gudu ya tsaya farat ɗaya, ko ya canza hanya ƙafa na kafe, ko ya dira ƙafa a miƙe gwiwa ta karkata ciki. Gajiya na ƙara haɗari, haka nan takalmi mai kama ƙasa da yawa. Wanda naman gaban cinyarshi ya fi na baya ƙarfi ƙwarai, shi ma yana cikin haɗari, don naman bayan cinya shi ke taya jijiyar riƙon ƙwauri. Akwai kuma na halitta: wasu ramin da jijiyar ke bi cikin ƙashinsu matsattse ne, kuma abin yana bin dangi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata. In wasa ɗaya su ke yi da maza, sun fi su tsinkewar wannan jijiya ninki biyu ko fiye. Malaman da ke sa ƴan mata ƙwallo a kolej, su riƙe wannan. Akwai motsa jiki na minti 20 kafin wasa, mai suna FIFA 11+, da ke koya ma ƴan wasa dira da tsayawa gwiwa a lanƙwashe, kuma an tabbatar yana rage rauni.

Aikin kanshi ba ɗinki ba ne. Ba a kama bakin jijiyar biyu a ɗinke. Wata jijiya a ke yankowa daga jikin mai ciwon, ko ta ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta, a ɗaure. Yaronmu ta bayan cinya aka ɗebo mashi, cikin watan Maris. Wannan sabuwar igiya sai ta yi watanni kafin ta kama ƙashi ta saba da sabon aikinta. A nan tarkon ya ke: ciwo na ƙarewa tun igiyar ba ta yi ƙwari ba.

To, ga amsar da ya kamata in ba tsohon. Cikin 2014 masana sun tara labarin dubban mutane da aka yi ma wannan aiki. Cikin kowane 100, wajen 81 sun koma wani wasa, 65 sun koma matsayinsu na da, 55 kaɗai suka koma gasa. Matasa ƴan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu ya sake tsinka jijiya, ko ta gwiwar da aka yi ma aiki ko ta ɗayar. Bayan shekara 10 zuwa 20 kuma, da yawa guringuntsin gwiwarsu na zaizayewa, da aiki ko ba aiki. Har ma a ƙasar Suwidin, a wani bincike da aka buga cikin 2010, an gwada matasa 121: wasu aka yi masu aiki nan da nan, wasu aka fara da horon ƙafa. Bayan shekara biyar, wajen rabin masu horon ba su bukaci wuƙa ba, kuma gwiwoyinsu ba su fi na sauran muni ba. Da manomi ne kawai, wataƙila da san yana nan ɗaure a gida. Amma gwiwar da ke kuɓucewa kullum tana yaga guringuntsi, kuma shi kokowa ya ke so. Ban ce an yi kuskure ba. Na ce dai ba a faɗa masu duka ba, kuma ni ne bakin da ya kamata ya faɗa.

Wahalar gaske bayan dawowa gida ta fara. Masu horar da gaɓɓai, waɗanda a ke ce ma kine, a birni su ke. Aka ba shi takarda mai zane-zanen motsi, da faransanci. Muka zauna muka maida ta hausa, shi ya rubuta da hannunshi cikin littafin aji: miƙe ƙafa, ɗaga ta sau kaza, tsuguno kaɗan, tsayi da ƙafa ɗaya. Muka cika tsohon buhu da rairayi don nauyi. Damina ta zo, ƙannenshi suka yi noma yana kallo, abin ya ci mashi rai ƙwarai.

Da aka yi girbi, wata bakwai da aikin, makaɗa suka sauka garinmu. Ya zo ya same ni bayan aji. Ya ce: "Malam, ba na jin komi. Ina gudu, ina ɗaukar buhu. Yau zan shiga." Na ce mashi a wannan karon ba zan faɗi abin da ban sani ba. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa kowane wata da mutum ya ƙara jira, har zuwa wata tara, haɗarin sake rauni na raguwa da kusan rabi. Shi kanshi Van Dijk, da likitocinshi da kuɗinshi, sai da ya yi wata tara kafin ya sake taka fili. Yaro ya ce Van Dijk ba a yi mashi kirari a ƙofar gidan ubanshi.

Sai na ce mu auna. Lokotoro ya riga ya faɗa mamu cewa kwanaki kaɗai ba su isa ba: sai ƙafar da aka yi ma aiki ta kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, wajen ƙarfi da wajen tsalle. Na ɗauko metar da mu ke darasin awo da ita, na ja layi a ƙasa. Ya yi tsalle da ƙafar hagu kaɗai: santimeta 160. Ya yi da ta dama: 118, kuma da ya dira gwiwar ta karkata ciki, sai da ya dafa bango. Na ba shi alli na ce ya fidda kashi 90 na 160. Ya daɗe a gaban allo. Ya rubuta 144.

Daren nan a gefen fili ya tsaya, kusa da ni, da rigarshi a jiki. Makaɗi ya kira sunanshi har sau uku. Wasu samari suka yi mashi ba'a, suka ce likitocin Yamai sun yanke mashi zuciya tare da jijiya. Bai tanka ba, amma kwana goma bai zo aji ba.

Yanzu ya dawo. Kowace Juma'a bayan darasi muna jan layi, yana tsalle, yana rubuta lamba a shafin ƙarshe na littafinshi. Ta wannan mako 133 ce. In ta kai 144 zai koma Yamai lokotoro ya duba shi, ni kuma na yi ma ubanshi alkawarin zan raka su.