Sau uku aka mayar mini da take

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu, musamman 'yan aji huɗu, bari in ba ku labarin abin da ya kusa sa ni ƙara shekara.

Taken farko da na kai wa sufabaiza shi ne almajiranci a Arewacin Najeriya. Matar ta sauke gilashi ta ce, jihohi 19 za ka zaga cikin wata huɗu? Da kuɗin wa? Na koma da Boko Haram, ta ce wa za ka yi wa tambayoyi? Na uku kuwa, wallahi a intanet na kwaso shi, ta gane tun kafin in zauna. Gaskiya ba don ina son waɗannan batutuwa na ɗauko su ba. Kawai dai na ga su ake tsammani daga bakin ɗan Arewa.

Saura kwana tara a rufe karɓa, ga Baba ya riga ya ce kuɗin makarantar bana su ne na ƙarshe. Na tafi Sabo cin tuwo don in huce. Ina zaune sai na ji mai tuwon ta yi wa ɗanta faɗa da Hausa, yaron ya mayar mata da Yarbanci, ta kuma gane sarai. Na ajiye cokali.

Ashe wani Abner Cohen ya zauna a wannan Sabon ta Ibadan farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan wurin da fataucin goro da shanu. Yanzu jikokin mutanen da ya tarar ne a unguwar. Wane harshe suke yi a gida, wanne a kasuwa, wanne a masallaci?

Na rage shi zuwa gida talatin kacal. Kuɗin mota ɗaya ke kai ni. Abokan ajina sai sun nemi tafinta, ni kuwa sallama kawai nake yi a shimfiɗa mini tabarma (wani tsoho ma sai da ya binciki asalina har Funtuwa kafin ya amsa tambaya ɗaya).

Da na kai mata, ba ta ce komai ba, ta sa hannu, ta ce babi na ɗaya ranar Litinin. Yau Asabar, shafi biyu na rubuta.