Motar Gida: Wa Za Ta Ɗauka, Wa Zai Ciyar Da Ita?



A littattafanmu mota ba ta da wahala. Jarumi ya fito cikin shadda, ya danna makulli, ya fizge ta sai ƙofar gidan su budurwa. Ba mu cika karanta inda ya tsaya a gidan mai yana lissafi da yatsu ba, ko inda ya wuni a gareji yana jiran yaro ya dawo daga Ƙofar Ruwa da kayan gyara. Mu kuwa a gidanmu wata huɗu muka yi muna maganar mota ɗaya tak kafin a saye ta, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen nan.

Mu goma sha ɗaya ne a gidan: Baba, Umma, Hajiya Kaka, Yaya da matarsa da yaransu uku, sai mu ukun da ba mu yi aure ba. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Wani ɓangare ne na kuɗin sallamar Baba daga aiki, aka haɗa da kwasar adashin Umma da abin da Yaya ya tara. Irin kuɗin da in ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya tayar da maganar shi ne ƙafar Hajiya Kaka. Duk sati biyu sai an kai ta asibiti, kuma hawa da saukar adaidaita sahu ya fara fin ciwon wahalar da ita.

Abu na farko da muka gane shi ne, faɗin mota ba yawan kujeru ba ne. Dillali zai ce maka kujera bakwai ce, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ka sa babban mutum ya zauna a layin baya na minti goma, ka ga inda gwiwarsa take. Sannan ka buɗe but alhali kujerun nan bakwai suna tsaye, ka ga abin da ya rage. A wasu motocin ko kular abinci biyu ba za ta shiga ba. Mu kuma ba ma tafiya hannu rabbana. In za mu Ɗambatta da Sallah akwai kuloli da jakunkuna da tabarmi, in za mu dawo akwai buhun gero, wani lokacin har da kaji. Don haka duk motar da muka je gani da gaske, da Hajiya Kaka muke zuwa, da buhu guda a hannu. Dillalai suna dariya, mu muna awo. A nan ne jif ta faɗi tun ranar farko, duk da Yaya ya so ta ƙwarai. Kaka ta dubi tsayinta ta ce, "Ni wannan sai dai a kawo tsani."

Baba kuwa ma'auninsa ɗaya ne, Fijo 504 doguwa mai layi uku. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma mutanen zamaninsa sun saba da motar da kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Da farko mun ɗauka son tsohon abu ne kawai irin na dattawa. Daga baya muka fahimci ma'aunin nasa shi ne na gaskiya: ba ya tambayar yadda mota take ranar da aka saye ta, yana tambayar wa zai tashe ta ranar da ta kwanta.

Motoci huɗu suka rage a gabanmu. Akwai Toyota Sienna, musamman ƙirar 2004 zuwa 2010. Wannan in faɗi ake nema an gama magana. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, kujerun baya suna naɗewa su shige ƙasa, but ɗinta mai zurfi ne, ƙofofin gefe kuma ja ake yi, ba buɗewa ba. Kaka ta shiga ta fita ba tare da ta yi nishi ba, mu duka muka kalli juna. Akwai Volkswagen Sharan, wadda kowa ke kira Sharon, mai kujera bakwai da ake iya cirewa ɗai-ɗai. Akwai Opel Zafira, ita ma bakwai, amma layin bayanta na yara ne. Sai Pontiac Vibe, wadda injin Corolla ne a cikinta, mai ƙarancin shan mai, amma mutum biyar take ɗauka.

Da zuciya ake saye, da Sienna muka kawo gida. Lissafin mai ne ya tsaya mana a wuya. Injinta silinda shida ne, tankinta kuma yana cin kusan lita 80. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A wannan farashin cika tankin Sienna sau ɗaya ya fi mafi ƙarancin albashi na wata guda, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Umma ce ta yanke maganar. Ta ce, "Alhaji, in aka sayo wannan, baki na goma sha biyu aka ƙaro a gidan nan, kuma ya fi kowa ci." Ku duba unguwanninku, za ku ga manyan motoci lulluɓe da tamfol a ƙofar gida, mai su ya hau babur ya tafi aiki. Ba lalacewa suka yi ba, ciyar da su ne ya gagara.

Kawunmu, wanda ya daɗe yana tuƙin haya, ya zo da wata shawara mai ƙarfi. Ya ce wa Baba, "Yaya, sau nawa a shekara kuke fita ku duka? Sallah biyu, biki uku ko huɗu. Sauran kwanakin mutum uku ne ko huɗu a mota. Ku sayi ƙarama, ranar tafiya ku ɗauki shatar bas, ku ga abin da zai rage muku." Har yau ba mu ga inda lissafin nan ya karye ba. Duk wanda iyalinsa ba su wuce biyar ba, shawarar Kawu ita ce tasa.

Sai dai akwai abin da lissafin bai ƙirga ba, kuma Baba ya faɗe shi a taƙaice: motar mai gida ba tasa ba ce shi kaɗai. A layinmu, in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ƙofar mai mota ake bugawa, kuma mai naƙuda ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai uwar miji, akwai maƙwabciya mai riƙe da kaya, akwai mijin. In an yi rasuwa a ƙauye, dattawa biyar za su tsaya a ƙofar gida ba tare da sun ce komai ba. In kai amarya ne kuwa, ba a ma tambaya. Wannan nauyi ne, kuma kuɗin mansa daga aljihun mai mota yake fita. Wanda zai sayi babbar mota ya san da haka tun kafin ya biya. Baba ya sani, kuma don haka yake son ta.

Sai muka koma kan Sharon mai silinda huɗu, ta fetur, mai giyar hannu. Dalilin ba ya da wani ado. Ita ce ta cika tashoshinmu, don haka kayan gyaranta suna nan sabo da na Beljiyam, kuma duk garin da ka tsaya akwai wanda ya taɓa kwance irinta. Matsalar ita ce samun wadda haya ba ta riga ta cinye ba. A nan muka fi daɗewa.

Bakaniken gidanmu muka ɗauka, muka biya shi kuɗin wuninsa, ba wanda dillali ya kawo ba. Shi ya ce mu riƙa zuwa da sassafe, kafin a tayar da injin, domin inji mai ɗumi yana ɓoye cutarsa. Yana sa hannu a kan bonet tukuna, in ya ji zafi ya ce mu dawo gobe. In an tayar, ya koma baya ya kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji yana ƙona baƙin mai ne. Ya buɗe murfin baƙin mai, in ya ga abu kamar madara ya ce ruwa na shiga inji, mu wuce. Ya ɗaga kafet yana shinshinawa, saboda akwai motocin da ambaliya ta ci a waje aka wanke aka turo. Lambar kilomita kuwa bai taɓa kallonta ba, ya ce ana mayar da ita baya. Roban feda da sitiyari da kujerar direba yake dubawa, su ba a iya saya musu ƙuruciya. Ya kuma nuna mana lambobi huɗun da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ke da kyan zane tana iya zama ta tsufa.

Takardu Yaya ne ya riƙe su. Ya haɗa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke takardar kwastan, ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka araha mai yawa a kan 'yar Kwatano abin tsoro ne, ana iya ƙwace ta a hanya da iyalinka a ciki. Mota biyu muka bari saboda takarda kawai, ɗaya har Umma ta fara sa mata albarka.

Ba mu zuba kuɗin duka a saye ba. Baba ya ware kusan kashi ɗaya cikin biyar ya ce wannan ba na mota ba ne, na bayan mota ne. Cikinsa aka biya la'adar dillali, aka canza taya huɗu da batir da bel, aka juye mai, aka yi lamba, aka biya inshorar naira 15,000. Ragowar tana hannun Umma, kuma ba ta fita sai da shaidar bakanike.

Ƙofar Sharon ba ta kai ta Sienna sauƙi ba, saboda haka akwai kujera 'yar tsugunno da ke zaune a but, Kaka na takawa ta shiga. Kujera ɗaya ta layin baya tana ɗakin ajiya, buhu ya gaje wurinta, ranar tafiya a mayar da ita. Mu goma sha ɗaya ba ma shiga lokaci guda, samarin gida har yanzu tasha muke zuwa ranar Sallah. Matar Yaya kuma ba ta gama yafe mana ba, domin duk sanda muka hau titin Zariya sai wani ya ɗaga hannu yana tambayar ko da sauran wuri.