Mayya: Sunan da Ake Ba Macen da Ake Tsoro

A cikin shekarun da na yi ina koyar da adabi, babu tauraruwar da ta fi yawan biyo ni daga littafi zuwa littafi kamar mayya. Na same ta a waƙoƙin Girkawan dauri, na same ta a tatsuniyoyin Jamusawa, na kuma same ta a finafinan Amurka, kuma kullum tambaya ɗaya take bar mini: me ya sa duk sa'ad da mai ƙirƙira ya so ya siffanta macen da ta gagari jama'a, sai ya rataya mata maita? Wannan ita ce tambayar da nake so mu juya tare, ya mai karatu, domin amsarta ta shafi tsofaffin matan da ke zaune tare da mu a yau.

Bari mu fara da tarihi, tun da yake hoton bai faɗo daga sama ba. Wajajen shekarar 1486 wani malamin coci mai suna Heinrich Kramer ya wallafa littafin Malleus Maleficarum a ƙasar Jamus, wato Gudumar Mayu. Ko kalmar mayu da ke cikin sunan, da sigar mata ya rubuta ta a harshen Latin. Hujjarsa ita ce wai mace ta fi namiji raunin imani da yawan sha'awa, don haka ta fi sauƙin faɗawa hannun Shaiɗan. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutane 40,000 zuwa 60,000 a Turai bisa zargin maita, kuma kusan uku daga cikin kowane huɗu mata ne.

Masu zane suka ɗora daga nan. A 1497 Albrecht Dürer ya zana mata huɗu tsirara suna ganawa, ga ƙoƙon kan mutum a ƙasa, ga Shaiɗan yana leƙe. A 1510 almajirinsa Hans Baldung ya zana taron mayu da dare, tsofaffi da matasa, ɗaya tana tashi sama a bayan bunsuru. Abin lura shi ne, a waɗannan zane-zane jikin mace shi kansa shi ne shaidar laifi: in ta tsufa, muninta ya kama ta, in tana da ƙuruciya, kyanta ya kama ta.

Haka abin yake a adabi. Shekisfiya ya rubuta Macbeth wajajen 1606, a zamanin Sarki James, wanda shi ma ya rubuta littafi kan mayu da aljanu a 1597. Mayun nan uku na wasan suna da gemu, wato sun fita daga siffar da aka san mace da ita, matar Macbeth kuma ta roƙi iskokai su cire mata tausayin mata. Amma a wasan nan, wanda ya daɓa wa sarki wuƙa shi ne Macbeth. Duk shekarar da na tambayi ɗalibai wa ya fi laifi, da yawa sukan fara ambaton mayun, sannan matar, sai a ƙarshe su tuna da mai riƙe da wuƙar. Wannan jeri yakan ba ni tsoro fiye da wasan kansa.

A tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara a 1812, mayyar da ta kama Hansel da Gretel uwa ce da aka juya ta bai-bai: tana ciyar da yaro don ta cinye shi. A labarin Snow White kuwa, a bugun farko uwar da ta haifi yarinyar ce ke neman ranta, sai a bugun 1819 aka mayar da ita matar uba, saboda an ga bai dace a ɓata sunan uwa ba. Da kamfanin Disney ya mayar da labarin fim a 1937, sai kyakkyawar sarauniyar ta rikiɗe ta zama tsohuwa mai ƙusumbi domin ta aikata kisa. Yaran duniya suka tashi da wannan darasi, cewa mugunta tana zuwa ne da fuskar tsohuwa.

To amma ruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun a 1862 masanin tarihin Faransa Jules Michelet ya nuna mayya a matsayin mai maganin talakawa da aka zalunta. A 1986 Maryse Condé, marubuciya daga tsibirin Guadeloupe, ta ɗauko Tituba, baiwar da aka fara tuhuma a shari'ar garin Salem ta 1692, inda aka rataye mutum 19, daga cikinsu 14 mata, ta ba ta baki ta faɗi labarinta da kanta. A 2004 Silvia Federici, wadda ta taɓa koyarwa a nan Nijeriya a shekarun 1980, ta kawo hujjar cewa farautar mayu tana da alaƙa da ƙwace gonaki da mallake aikin mata da haihuwarsu. Mayyar nan mai koren fuska ta fim ɗin The Wizard of Oz na 1939 ma ta sami lauya: Gregory Maguire ya wanke ta a littafinsa Wicked a 1995, kuma a fim ɗin 2024 Cynthia Erivo, 'yar asalin Nijeriya haifaffiyar Landan, ita ta fito a matsayinta. A yau 'yan mata da yawa a Turai da Amurka sukan kira kansu mayu don alfahari.

Ina yaba wa wannan juyi, amma yabo da sauran magana. Mace takan yi ado da sunan mayya ne a ƙasar da sunan ya daina kisa. A wurinmu bai daina ba.

Harshen Hausa ya tanadi maye da mayya, kuma karin maganarmu ya fi ambaton namijin, kamar yadda ake cewa in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Har yabo mukan yi da kalmar: mayen karatu, mayen ƙwallo, ga kuma mayen ƙarfe. Sai dai in aka zo kan zargi na gaske, yatsa ya fi nuna mace, har ma akan ce a nono ake shan maita. A unguwar da na tashi akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba. Da zazzaɓi ya kama wani yaro ya riƙa sambatu da sunanta, aka taru aka tilasta mata ta tsallake shi don ta saki kurwarsa. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti, ita kuwa daga ranar babu wanda ya ƙara sayen daddawarta. Da tana da ɗa namiji a tsaye a ƙofar gida, da babu mai ɗaga mata murya.

Wannan ba labarin unguwa ɗaya ba ne. A arewacin Ghana akwai matsugunan da matan da aka kora bisa zargin maita suke fakewa, kamar na Gambaga da Kukuo. A watan Yulin 2020 aka doke wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, har lahira a ƙauyen Kafaba, a gaban jama'a. Rungano Nyoni ta ziyarci irin wannan matsuguni kafin ta shirya fim ɗinta na 2017, I Am Not a Witch, inda aka ɗaure wa ƙaramar yarinya zare a baya don kada ta tashi sama. Maƙwabtanmu Yarbawa kuwa sukan kira masu irin wannan ƙarfi da sunan iyayenmu mata, suna girmama su da wasan Gelede, wato sun yarda cewa hannun da ke rayarwa shi ake tsoro.

Ban zo in yi musu kan samuwar sihiri ba, domin addini ya yi bayaninsa. Amma addinin ya kuma haramta zato da ƙazafi da ɗaukar doka a hannu. Saboda haka roƙona ga ɗalibanmu masu rubuta gajerun labarai da wasanni shi ne: kafin ku sa tsohuwa a bukkar bayan gari ku ba ta jajayen idanu, ku tambayi kanku wa zai gaji gonarta in an kore ta, wa ya fara furta zargin, wa kuma ya yi shiru. Ku ba ta suna da dangi da tarihi, ku bar ta ta yi magana. Mai karatun da ya taɓa jin muryarta a takarda zai yi nauyin hannu ranar da aka miƙa masa dutse. Allah Ya kare tsofaffinmu daga sharrin harsunanmu, amin.