Ina Hausarki?

A can ƙasan takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, akwai wani ɗan layi inda ake jera harsunan da mutum ya iya. A nan ne ɗaliban ƙasar nan suka fi cutar kansu. Faransanci ke zuwa farko, sai Ingilishin da aka rabu da shi tun bakaloriya. Hausa da Zabarmanci da Fulatanci kuwa, in sun samu shiga, dunƙule su ake yi a ce "harsunan gida".

Haka wata ɗaliba ƴar Tasawa ta yi sa'ad da take neman aikin fassara a Jamus. Da ta kai wa malaminta takardar, ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Ƴata, ina Hausarki?"

"Malam, ai kowa ya iya Hausa."

"Kowa a Tasawa. A Bon fa?"

Tambayar ta hana ta sakat. Ga BBC tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1957, ga DW a Bon ɗin, ga INALCO a Paris tana koyar da ita. Masu jin Faransanci sun yi wa Turai yawa. Wanda ya ƙware a Hausa da Faransanci tare shi ake nema da fitila.

Sai dai rubuta "Hausa: harshen uwa" bai wadatar ba, domin shan harshe a nono daban, aiki da shi daban. Don haka ta kawo shaida. Ta nuna cewa ta san ƙa'idar rubutun Nijar da ta Najeriya, inda wannan ke rubuta ƴ waccan na rubuta 'y. Tana karanta ajami. Tana rarrabe Damagaranci da Katsinanci da Adaranci. Ta ambaci hirarrakin da ta naɗa a ƙauyuka, ta rubuta su, ta fassara su domin kundinta.

Ingilishinta ma ta daina kiransa "matsakaici", kalmar da ba ta gaya wa mai ɗaukar aiki komai. Ta auna shi da mizanin Turai na 2001 mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, ta rubuta B1 ba ƙari. Ramin ƙarya ƙurarre ne: minti biyar na ganawa sun isa su tona C1 na aro. Ta bar hotonta saboda Jamusawa sun saba da shi, da sanin cewa a Amurka da Ingila cire shi ake yi.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka ta yi nata. Amma mai ɗaukar aiki a waje ba kundin zai karanta ba. Abin da ɗalibi ya rubuta da hannunsa kaɗai zai gani.